Wanda Ya Ci Shi Ke Saye

Ban taɓa shan giya ba, amma na san warin wiski fiye da wasu masu shansa. Shekaru na yi yana zaune kusa da hannuna na dama, cikin kofin wani, a benen wata mashaya da ke unguwar Old Trafford a Manchester, duk ranar Lahadi bayan azahar. A can ƙungiyar masu wasan chess, darar Turawa, ke haɗuwa, don mai gidan yana ba su ɗakin kyauta muddin za su riƙa sauka ƙasa suna sayen abin sha.

Ni ba ɗan boko ba ne. Da ƙyar na gama firamare a Funtuwa, na shiga tasha, na yi yaron mota, na zama direba. A Manchester ma tuƙin nake, motar kai kaya gida-gida, har bayana ya riƙe, gwiwata ta dama tana ƙara idan na hau bene. Abin da na zo da shi daga tasha shi ne dara. Mukan haƙa gurabe a ƙasa, wannan ya riƙe kara wancan tsakuwa, ana wasa ana zagi. Idan ka ci mutum a darar tasha, har kakansa sai ya ji labari, kuma babu ruwan kowa da furfurarka.

Wanda ya kai ni benen nan maƙwabcina ne, wani tsoho ɗan Scotland, makanikin bas da ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Wata rana ya tarar da ni zaune a mota a ƙofar gida, na kashe inji amma gajiya ta hana ni fitowa. Ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Kullum haka kake, direba. Zo ranar Lahadi in ba ka wata gajiyar daban."

Shi ya koya mini. Sunayen 'ya'yan darar suka ƙi zama a kaina, sai na raɗa musu nawa: sarki da sarauniya, doki, fada na coci mai doguwar hula, soro a kowace kusurwa, sojoji a gaba. Ya yi ta gyara mini har ya haƙura, ƙarshe ma shi ya koma cewa "doki" da bakinsa mai nauyi. Ina kiransa Baba, yana kirana direba. Bai taɓa tambayata ma'anar Baba ba, ina jin ya gane.

Akwai al'ada a ɗakin nan da ba a rubuta a ko'ina ba. Idan wasa ya ƙare, wanda aka ci zai kwantar da sarkinsa, a yi musabaha, sai wanda ya ci ya tashi ya sauka ƙasa ya sayo wa wanda ya kayar abin da yake sha. Sannan a mayar da 'ya'yan dara mazauninsu a sake bin wasan tun daga farko, ana duba inda aka yi kuskure. Wannan zaman na biyu ya fi wasan kansa daɗi. A nan za ka ji tsofaffi suna musu kamar masu rabon gado. Idan an yi canjaras, kowa ya sayi nasa.

Baba wiski yake sha, ba ƙanƙara, sai ɗigon ruwa da yake zubawa daga wata ƙaramar buta kamar mai sa magani a ido. Kofi ɗaya yakan kai shi har la'asar. Ban taɓa ganinsa a buge ba. Ranar farko da ya ci ni ya ce me zan sha, na ce ba na shan giya. Bai ce don me ba. Ya sauka ya dawo da lemon citta mai gas, ya ajiye gabana, ya ce, "To nuna mini abin da ya sa ka ba ni sarauniyarka kamar sadaka."

Na san abin da malamai za su ce game da zaman kansa, da ma wasan kansa. Maman yara ta faɗa mini tun kafin su. Idan na dawo sai ta karɓi rigar samana da 'yan yatsu biyu ta rataye a waje. Ni dai na ja wa kaina layi: ba zan sha ba, ba zan bari la'asar ta wuce ni ba. Inda na ja shi ke nan. Ban ce daidai ne ba. Mutumin da ya yi kwana shida yana hawa benayen mutane da kwali a kafaɗa, babu mai kallon fuskarsa, idan ya samu ɗaki ɗaya inda ake tsoron dokinsa, da wuya ya bar ɗakin.

Shekarun farko lafiya lau, saboda kullum ni ake ci. Ba da kowa nake wasa ba sai da Baba, sauran sun fi ƙarfina nesa ba kusa ba, ba sa ɓata lokacinsu a kaina. Shi ke ci, shi ke sauka, shi ke hawowa da kofi biyu. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin ranar da abin zai juya ba.

Ta zo mini ba shiri. Ina kallon allo na ga idan na kai sorona can ƙarshen layinsa, sarkinsa ba shi da wajen gudu. Na sake dubawa. Haka ne.  Na miƙa hannu, sai idona ya faɗa kan kofinsa da ya kusa ƙarewa. A makarantar allo an koya mana cewa laifin giya bai tsaya kan mai sha ba, mai saye ma yana ciki. Na janye hannuna, na ce, "Baba, canjaras?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi allon, ya karɓa. Da muka sake bin wasan ya nuna mini soron ya ce, "Jaki, ga shi nan a gabanka ba ka gani ba." Na yi dariya na dafa kai.

Ranar Juma'a na tare wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatun dakta a jami'a, wanda yakan ja mu salla idan liman ba ya nan. Na kwashe komai na faɗa masa a bakin masallaci muna neman takalma.

"Kawu, gaskiya zaman ma akwai problem."

"Ban tambaye ka zaman ba, Dakta. Sayen na tambaye ka."

"Sayen babu hanya."

"In na miƙa masa kuɗin ya sauka da kansa fa?"

Ya yi murmushi. "Kawu, ai ka san ba bread zai sayo ba. Ka yi masa explaining kawai. Turawan nan suna da sauƙin kai a irin wannan, wallahi zai gane."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Amma shi yaro ne da bai sha lemon mutumin nan na tsawon shekaru ba. Mu an tashe mu ba a kallon idon dattijo a ce masa a'a. Ana kewayawa ne, a ce sai an duba, a ce in Allah ya yarda, har maganar ta mutu da kanta. Ta yaya zan ce wa wanda ya hau bene ya sauka saboda ni sau ba adadi, da gwiwar da ta fi tawa lalacewa, cewa abin da yake sha ƙazanta ne da hannuna ba zai taɓa ba? Ko da wane Turanci na faɗa, haka zai fito, don Turancina na kai kaya ne, ba shi da laushi. Sai na zaɓi kewayawa.

Na yi ta neman canjaras. Da canjaras ɗin ya yi yawa har wasu suka fara tsokanarmu wai mun zama mata da miji, sai na koma barin kuskure. In ga hanyar ci, in kau da kai, in tura wani soja da ba ruwansa. Yin kuskuren ganganci yana da wuya fiye da yadda ake zato. Dole ya yi kama da na gaske. Na ƙware a kai har na fara jin kunyar ƙwarewar. Baba ya ci gaba da sauka yana hawowa da kofi biyu, yana tsayawa a tsakiyar bene ya huta, ni kuwa ina zaune ina jiran lemona.

Abin da ban lissafa ba shi ne, mutumin da ya koya maka wasa ya san yadda kake tunani kamar yadda makanike ya san ƙarar injinsa. Wata Lahadi cikin sanyi na bar dokina a inda fadansa zai ɗauke shi a banza. Bai ɗauka ba. Ya tsayar da agogon wasa, ya ɗauki dokin ya mayar inda ya fito.

"Yi wanda ka gani."

"Wanne, Baba?"

"Wanda idonka ya tsaya a kai kafin ka yi wannan shirmen. Ina kallonka."

 Duk ɗakin ya juyo yana kallonmu, don ba a taɓa 'ya'yan darar abokin wasa.

"Na binne matata, na binne ƙanena, likita ya hana ni tuƙi," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Duk wanda na haɗu da shi yanzu magana yake mini a hankali kamar jariri. Nan kaɗai ya rage inda ake neman kashe ni da gaske. Kai ma ka koma ba ni abinci a baki."

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Na ce, "Ba haka ba ne, Baba." Ya jira sauran maganar. Ba ta zo ba. Ya shanye abin da ya rage a kofinsa a kurɓi ɗaya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ɗauki hularsa ya fita.

Bai sake zuwa ba. Muna haɗuwa a ƙofar gida, ya ɗaga hannu, in ɗaga. Maman yara ta aika masa da tuwo da miyar kuka da salla, ya dawo da kwanon a wanke ta hannun ɗana. Bayan wani lokaci ya faɗi a banɗaki, ya kwana biyu a asibiti, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Birmingham. Ina wurin aiki ranar. Na dawo na tarar an cire labulen tagarsa.

Mashayar ma aka sayar, aka mayar da ita ɗakunan haya. Ƙungiyar ta koma wani wuri a cikin gari inda matasa ke taruwa, fitilu ja da shuɗi, kiɗa a ƙasa-ƙasa, allon dara a kowane tebur. A can ba wiski ake yayi ba, koktel ne, haɗe-haɗen giya mai launi da ganye da yankan lemo a baki, kowanne an sa masa sunan ɗan dara. Akwai na sarauniya, ja wur, akwai na doki mai kumfa. Har da wanda babu giya a ciki, wata yarinya mai ɗan kunne a hanci ta haɗa mini, ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Yaran suna da kirki kuma sun iya wasa. Amma kowa da katin bankinsa yake sayen nasa, kuma idan wasa ya ƙare ba a sake binsa. Sai a ciro waya a tambaye ta inda aka yi kuskure, ta faɗa, a gyaɗa kai, a nemi wani abokin wasan. A can na ci mutane son raina, ba wanda ya jira in sayo masa komai. Damuwar da ta raba ni da Baba babu ita sam a wurin. Na je na ɗan lokaci na daina.

Wani daga cikin tsofaffin ƙungiya ne ya ba ni lambar 'yarsa. Na riƙe ta har aka shiga bazara ban kira ba. Sai maman yara ta ce tana son in kai ta Sparkhill, a Birmingham, wurin wata ƙawarta da ta haihu, ta kuma yi sayayya a Stratford Road. Muna kan hanya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, ka ajiye ni ka je ka ga tsohon nan. Tun da ya tafi kake zama a falo kamar wanda aka kora daga aiki."

'Yar tana unguwar Erdington, a cikin Birmingham ɗin. Ta buɗe ƙofa ta ce ya san da zuwana, tun safe ya sa taye. Na same shi a kujera kusa da taga, ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Bai miƙo hannu ba.

"Ka zo duba mara lafiya ne ko ka zo wasa?"

"Wasa."

"To ba a gidan nan ba. Ta ɓoye mini kwalbata."

"Likita ya ce ɗaya a mako, Dad," in ji 'yar daga kicin. "Ɗaya."

Muka taka a hankali zuwa wata mashaya a babban titi, shi da sanda, ni da allon dara a hammata. Rana ce tsaka, ba kowa sai wasu mata biyu da ke cin kifi da dankali, da talabijin tana nuna tseren dawaki ba murya. Bai sayi komai ba da muka shiga. Ya zauna ya jera farare a gabansa.

Ban raga masa ba. Na yi wasan da ake yi a tasha, wanda ba ya sanin babba. Na cinye sojojinsa na gefen sarki, na kutsa da doki, na hana shi numfashi. Ya yi faɗa sosai, har ya kafa mini wani tarko da na kusa faɗawa, na ga gefen bakinsa ya motsa da na tsallake. Daga ƙarshe ya daɗe yana kallon allon, sannan ya sa yatsa ya kwantar da sarkinsa. Muka yi musabaha. Ya jingina da kujera ya dubi kantar sayar da giya, ya dube ni.

Ban tashi ba. Na ɗora hannuwana a kan tebur na dubi idonsa, abin da ban taɓa yi wa mahaifina ba.

"Baba, ba zan sayo maka ba. Addinina ya hana ni sayen giya, ko don wani. Shi ya sa nake barin ka ci. Ba tausayi ba ne."



"Kofin wiski," ya ce. "Ka zubar da wasanni masu kyau haka saboda kofin wiski."

"E."

"Kuma bakinka yana ciwo ne lokacin?"

"A wurinmu ba a ce wa babba a'a."

"Amma ana yi masa ƙarya duk Lahadi."



"Na zaci ka ga na tsufa," in ji shi kuma.

"Ka tsufa, Baba."

Ya yi wata dariya da ta koma tari. Da tarin ya lafa ya ce, "Jaki." Sai kuma fuskarsa ta canja. "Tun yaushe kake iya ci na?"

"Tun ranar da na fara neman canjaras."

Na ga yana lissafi a ransa, yana cire duk Lahadin nan ɗaya bayan ɗaya daga cikin nasarorinsa. Wannan ban yi tunaninsa ba a hanya. Na zo ne in cire masa ƙaya ɗaya, ban san da wata zan soka masa ba. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda makanike ya faɗa wa gaskiyar motarsa.

Ya dafa tebur ya miƙe, ya ɗauki sanda ya nufi kanta. Na ji yana gaya wa yaron kantar irin wanda yake so da yawan ruwan. Ya juyo, sanda a hannu ɗaya, kofi a ɗayan, sai a lokacin na lura da yadda hannun ke rawa. Wiskin yana tangaɗi yana taɓa bakin kofi. Tsakanin kanta da teburinmu ba nisa, amma ya zame masa tafiya. Mai ɗaukar giya ya kai wa wani ma yana cikin waɗanda aka lissafa mana a makaranta. Ina zaune, ƙafafuna suna so su tashi, na danne su. Ɗaya daga cikin matan nan ta yunƙura za ta taimaka, ya yi mata wani kallo ta koma ta zauna. Ni bai dube ni ba ko sau ɗaya. Kaɗan ya zube a kan yatsunsa, kaɗan a ƙasa. Abin da na iya yi shi ne na ja masa kujera baya da ƙafata, na matsar da allon don ya samu wurin ajiyewa.

Har yau ban san yadda za a auna mini wannan zaman ba. Na tambayi kaina a hanyar komawa Manchester, maman yara tana barci a gefe da ledojinta, na sake tambaya bayan haka. Wani lokaci ina ganin na tsaya inda aka ce in tsaya. Wani lokaci ina ganin ƙato ne kawai ya zauna yana kallon tsoho yana fama da kofi. Ban kai wa Dakta wannan tambayar ba, ya gama karatunsa ya koma gida.

Baba ya zauna yana haki, ya lashe yatsunsa, ya kurɓa kaɗan. Babu lemo a gabana, ya ce wanda aka ci ba ya saye, in ina jin ƙishi ga kanta can. Sannan ya fara mayar da 'ya'yan dara mazauninsu, nasa da nawa, yana kuskuren gurbi yana gyarawa.

"Daga farko," ya ce. "Kuma ba na yau kaɗai ba. Wancan na soron da ka ce canjaras, ina tune da shi. Jera mini shi in ga ko da gaske kake."